Mahaifinmu yana ɗakin kulawa ta musamman: yaya za mu yi da dubiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Yau kwana huɗu ke nan da aka kwantar da mahaifinmu a ɗakin kulawa ta musamman, wanda ake kira ICU, bayan hawan jini ya jawo masa zubar jini a ƙwaƙwalwa. An sa masa na'urar numfashi, ba ya magana, ba ya buɗe ido. 'Yan'uwansa sun zo daga gida mota guda, aka hana su shiga, har wasu suka yi fushi suna cewa mu 'ya'yansa ne muka hana. Goggonmu ta kawo zamzam da rubutu tana so a ba shi. Ni kuma sau ɗaya na shiga, na kasa tsayuwa, na fito ina kuka. Shin yana jin mu? Me ya sa ake hana shiga, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Ni likitan sa barci ne, kuma a yawancin manyan asibitocinmu mu ne ke riƙe da wannan sashe, saboda haka da wuya mako ya wuce ban tsaya a bakin ƙofa ina yi wa wani kawu ko wata goggo irin bayanin da kike nema ba. Maganar inda ciwon Baba ya dosa ta likitocin da ke kansa ce. Ni zan tsaya a kan dubiya.

Bari in fara da fushin 'yan'uwansa, domin na san shi ne ya fi ci miki rai. Ba su yi laifi ba da suka zo. Duba maras lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa kamar yadda ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim, kuma a al'adarmu wanda bai zo dubiya ba ana riƙe shi a zuci shekara da shekaru. Mutumin da ya biya kuɗin mota ya yi tafiyar awa huɗu, aka tsayar da shi a baranda, dole ya ji kamar an mayar da shi bare. Sai dai dubiyar da suka sani, wadda ake zama a gefen gado da kwanon farfesu da ledar lemo, ana cewa "ya jiki" ana amsawa "da sauƙi", an gina ta ne a kan maras lafiyar da jikinsa ke iya kare kansa. Na Baba a yanzu ba ya iyawa.

Allah Ya kewaye jikin ɗan'adam da ganuwa. Fata tana tare ƙwayoyin cuta, hanci yana tace iska, tari yana fitar da abin da ya ɓace hanya zuwa huhu. Robar da aka zura wa Baba ta baki zuwa maƙogwaro ta tsallake hanci, ta kuma raunana tarinsa. Idan an sa masa siririyar roba a babbar jijiyar wuya, kamar yadda akan yi wa mafi yawan masu irin wannan hali, to ta huda fata, kuma bakinta yana kusa da zuciya. Ga kuma robar fitsari da ta shiga har mafitsara. Ƙofofi uku ke nan a buɗe dare da rana. Murar da kawunku zai yi kwana biyu da ita yana zuwa kasuwa, idan ta shiga huhun mai na'urar numfashi tana iya zama ciwon huhu mai tsanani wanda zai ƙara masa mako biyu a kan na'ura, ko ya zama ajali. Kuma cutar ba shiga kawai take yi ba, tana fita. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a irin wannan ɗaki sun saba da magunguna masu ƙarfi har da yawansu sun daina jin su, kuma mai dubiya yana iya kwasarsu a hannunsa ya kai wa jaririn da ke gida.

Akwai wani dalili da ya shafi Baba kai tsaye. Ƙwaƙwalwar da jini ya zuba a cikinta tana kumbura, alhali ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri. A kwanakin farko duk abin da zai tayar da hawan jini, kamar hayaniya ko jijjiga ko kuka a kansa, yana iya ƙara matsin da ke cikin kai. Sannan ba shi kaɗai ba ne a ɗakin. A gado na gaba wataƙila matar wani ce ake goge wa jiki, kuma ita ma tana da haƙƙin sutura. Idan zuciyar wani ta tsaya, ma'aikata suna bukatar su kewaye gadon cikin daƙiƙoƙi, ba tare da sun tsaya ba mutum goma haƙuri su matsa ba.

Duk da haka ba na cikin masu ganin a kulle ƙofa gaba ɗaya. An yi wani babban bincike a ɗakunan kulawa ta musamman 36 a ƙasar Barazil, aka wallafa shi a 2019, inda aka gwada barin makusanta su zauna har awa 12 a rana maimakon ɗan gajeren lokacin da aka saba. Ba a ga kamuwa da cuta ya ƙaru ga marasa lafiya ba, kuma damuwa da ƙuncin iyalai sun ragu. Amma ki lura da waɗanda aka bari: makusanta ne 'yan kaɗan, waɗanda aka zaunar aka koya wa yadda ake zama a ɗakin. Mutum biyu su daɗe tare da maras lafiya abu ne mai amfani. Mutum ashirin su yi ta shiga da fita minti bibbiyu don kowa ya ce ya gan shi, wannan amfaninsa na masu shiga ne, ba na wanda ke kwance ba.

Shawarata game da danginku ita ce kada ku 'ya'ya ku zama masu tsaron ƙofa, domin duk abin da kuka faɗa za a fassara shi da rowa. Ki nemi wanda ya fi girma a cikinsu, yayan Baba ko babban ƙanensa, ki roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta sashen ta yi masa bayani da bakinta, ta kuma bar shi ya shiga sau ɗaya. Na sha ganin dattijon da ya zo da faɗa ya shiga ya ga halin da ɗan'uwansa yake ciki, ya fito shi da kansa yana cewa kowa ya haƙura. Maganar da ta fito daga bakinsa ba mai ja da ita. Sauran kuma a gaya musu gaskiya, cewa zuwansu ya isar, sun gaishe ku, kuma akwai aikin da ya fi shiga ɗakin. Jinyar wannan sashe tana cin kuɗi kullum, kuma sau da yawa akan miƙo takardar magani ko ta gwaji da tsakar dare, don haka ana bukatar mutum ɗaya a kusa da ƙofa wanda wayarsa ke kunne. Ana bukatar mai kawo wa masu jinya abinci, da mai kula da gida. Matasan da ke cikinsu, duk wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana da lafiya, ya je ɗakin ajiyar jini ya bayar da leda ɗaya. Ba ta wuce rabin lita ba, jiki yana mayar da ita, kuma ko Baba bai bukata ba wani zai bukata.

Yanzu ga taki shigar. Kukan da kika yi ba gazawa ba ne. Na ga maza masu furfura sun yanke jiki sun faɗi a bakin gado. Abin da ke firgita mutum shi ne bai san ma'anar abin da yake gani ba, saboda haka bari in fassara miki ɗakin.

Na'urar da ke huci a gefen kansa tana tura iska mai haɗe da oksijin zuwa huhunsa, sau adadin da aka saita mata, ta kuma bar ta ta fito. Ba ta warkar da komai, tana riƙe numfashi ne kawai har ƙwaƙwalwa ta sami sararin farfaɗowa. Asalin wannan sashe ma daga nan ya faro. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, tana shanye naman da ke jan numfashi, har mafi yawan waɗanda ta kai wa nan suna mutuwa. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa roba a riƙa tura iska da hannu, aka tara ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa suna matsa jakar roba dare da rana tsawon makonni, mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Aikin da hannun waɗannan ɗalibai ya yi shi na'urar da ke gefen Baba take yi. Robar ta ratsa tsakanin igiyoyin murya, shi ya sa ko ya farka ba zai iya magana ba sai an cire ta.

Allon da ke saman gado yana nuna bugun zuciya, da hawan jini, da yawan oksijin a jini, da numfashi. A mai lafiya zuciya tana bugawa tsakanin 60 da 100 a minti, oksijin kuma yakan kasance 95 zuwa sama, amma a wannan ɗaki likitoci ne ke zaɓar wa kowane maras lafiya iyakar da ta dace da ciwonsa, don haka lambar da za ta tayar miki da hankali wataƙila ita ake nema. Ƙarar da na'urorin ke yi kuwa, mafi yawanta ba ta haɗari ba ce: ruwan magani ya kusa ƙarewa, ko maƙalar yatsa mai auna oksijin ta goce, ko maras lafiya ya yi tari. Abin da nake gaya wa iyalai shi ne su dubi fuskar nas maimakon allo. Idan ta zo a natse ta danna maɓalli ta koma, ba komai. Kada ki taɓa wani maɓalli da kanki ko da ƙarar ta dame ki.

Za ki ga fuskarsa da hannuwansa sun kumbura. Wannan daga ƙarin ruwa ne da rashin motsi da yadda jijiyoyi ke yoyo a lokacin ciwo mai tsanani, kuma yakan saɓe idan sauƙi ya samu. Za ki ga an ɗaga kan gadon, don kada abin da ke ciki ya gangaro zuwa huhu kuma don a rage matsi a kai. Kada a kwantar da shi da sunan gyara masa kwanciya. Wataƙila ki ga an naɗe hannuwansa ko an ɗaure su sako-sako a jikin gado. Ba mugunta ba ce, mutumin da ke tsakanin barci da farkawa abu na farko da yake yi shi ne fizge robar da ke bakinsa. Idan nas za ta zuƙe majina daga robar, zai yi tari, fuskarsa ta yi ja, hawaye su zubo. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar kallo, kuma ba laifi ki fita har a gama.

Kafin ki shiga ki ci abinci, domin yawancin masu faɗuwa da yunwa suka shigo. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, ki tattare mayafi ko hijabi kada ya ja a kan gado ko ya sarƙe da igiyoyi, maza kuma su ajiye babbar riga a waje. Kada a sa turare mai ƙarfi. Ki wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko ki goga ruwan tsaftace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, sannan ki maimaita idan za ki fita. Alwala tsarki ce, amma ba ta ɗauke wannan wankin. Idan an ba ki riga da takunkumi da takalmi ki sa su, ki cire su a inda aka ce. Duk mai mura ko tari ko zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje kada ya shiga, ko da ke ce, ko da mahaifiyarku ce. Ƙananan yara galibi ba a barinsu. Kada ki zauna a kan gado, kada ki taɓa gadon wani, kada ki tsaya kallon maƙwabcinsa.

Waya ta zauna a jaka. Tana ɗauke da datti fiye da yadda ake zato, sannan ga maganar hoto. Na san 'yan'uwa na nesa za su roƙa a turo musu su gani, amma hoton dattijo babu riga da roba a baki, idan ya shiga zauren WhatsApp na dangi ba ya dawowa, kuma shi bai ba da izini ba. Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta kiyaye sirrin maras lafiya, kuma hoto ɗaya yana iya ɗauko wanda ke gado na gaba. Ki tambayi kanki ko Baba, yadda kika san shi, zai yarda a gan shi haka.

Shin yana jin ku? Abubuwa biyu ne ke hana shi amsawa. Na farko magungunan barci da na kashe zafi da ake ɗura masa da gangan, don ya jure robar kuma ƙwaƙwalwarsa ta huta. Na biyu shi ne raunin da ƙwaƙwalwar ta samu. Likitoci suna auna zurfin suma da wani ma'auni da aka ƙirƙiro a birnin Gilasgo a 1974, mai farawa daga 3 ya tsaya a 15, inda ake duba buɗe ido da magana da motsi, amma ma'aunin yana auna abin da mutum ya iya nunawa ne, ba abin da ke shiga kunnensa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka farfaɗo daga wannan ɗaki sun ba da labarin muryoyin da suka ji, wasu har da abin da aka faɗa, wasu kuma ba su tuna komai ba. Ƙa'idar da muke aiki da ita, kuma nake so ku riƙe, ita ce a ɗauka yana ji. Ni kaina ba na taɓa maras lafiya sai na yi masa sallama na gaya masa abin da zan yi.

Saboda haka idan kin shiga, ki matsa kusa da kunnensa, ki yi sallama da muryar da kika saba yi masa magana, ki faɗi sunanki, ki gaya masa yau wace rana ce, yana asibiti, ana kula da shi, gida lafiya. Ki ba shi labarin da zai kwantar masa da hankali, ki gaya masa waɗanda suka zo gaishe shi da sunayensu, wanda hakan ma wata hanya ce ta isar da dubiyar waɗanda ke waje. Ki riƙe hannunsa ta gefen da babu allura. Ki yi masa addu'ar da aka ruwaito, "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", ki karanta masa abin da ya sawwaƙa daga Alƙur'ani da murya ƙasa-ƙasa, musamman surorin da ya saba karantawa. Abin da ba a yi a kansa shi ne maganar kuɗin asibiti, da saɓanin gida, da gado, da irin "wannan ai sai dai addu'a". Idan kuka ya zo, hawaye ba komai, amma kururuwa a yi ta a waje. Minti goma cikin natsuwa sun wadatar a farko. Idan nas ta ga hawan jininsa yana tashi ta ce a dakata, a dakata. Kuma idan ya matse miki yatsa ko ya motsa ƙafa, ki gaya wa nas, amma kada ki fita ki sanar da dangi cewa ya farfaɗo, domin wani motsin jiki ne ke yin sa da kansa ba da sanin mai shi ba, kuma ɗaga ran mutane a sauke shi yana da ciwo.

Maganar zamzam da rubutu ita ce wadda nake roƙon ki fi riƙewa. Kada a zuba wa Baba komai a baki. Ko cokali ɗaya, ko ɗigo. Haɗiya aiki ne da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, ita ke rufe hanyar iska lokacin da ruwa ke wucewa. Wanda ke cikin suma ba ya rufe ta, ba ya kuma ƙwarewa ya yi tari yadda za ki gane an yi ɓarna, ruwan sai ya zarce huhu shiru tare da ƙwayoyin cutar da ke baki. Na taɓa jinyar wani bawan Allah da muka yi kwana tara muna fama har aka cire masa na'ura, muka ce kada a ba shi komai sai an gwada haɗiyarsa. Wata 'yar'uwarsa, cikin tausayi tsantsa, ta ga leɓensa ya bushe ta ba shi kunu a ɓoye. Kafin kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, muka mayar da shi kan na'ura. Ba ta yi da mugun nufi ba, kuma har yau ina ganin da mun zaunar da ita mun yi mata bayani tun farko da hakan bai faru ba. Baba ba ya cikin yunwa ko ƙishirwa: ana ba shi abinci mai ruwa ta robar hanci zuwa ciki, ana auna abin da ya shiga da abin da ya fita.

Wannan ba ya nufin a kori goggo da abin da ta kawo. Ku kai zamzam ɗin wurin nas a fili ku nemi izini. A mafi yawan lokuta za a yarda a jiƙa auduga a shafa masa a goshi ko a leɓe, kuma idan a rufe yake da hatiminsa wani likitan yakan yarda nas ta sa kaɗan ta robar abinci da hannunta. Rubutu kuwa, ruwan da aka wanke allo da shi ya bi hannuwa da kwanuka, ga tawadar da aka haɗa da ƙaro da gawayi, don haka ba abin da za a sa a cikin mai wannan hali ba ne; idan an ba da izini a shafa a ƙafa ko hannu, nesa da allura da rauni, sauran a ajiye masa. Tofi ma a karanta ba tare da an fesa yawu a fuskarsa ko a kan robobi ba. Haka zuma da habbatussauda da man zaitun da duk wani jiƙo ko gari, su jira. Wasu magungunan gargajiya suna wahalar da ƙoda da hanta, wasu suna tsinka jini, wanda ga mai zubar jini a ƙwaƙwalwa babban haɗari ne. Idan an riga an ba shi wani abu, a gida ko a asibiti, ki gaya wa likita yau. Ba don a yi faɗa ba, don a san abin da za a sa wa ido. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, kuma ina ganin goggo za ta fi kowa fahimta idan aka gaya mata cikin girmamawa cewa addu'arta tana isa gare shi ko daga baranda.

Game da jin bayani, ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa ganawa da likitoci su isar wa sauran. Idan mutum shida suka tambayi ma'aikata shida a lokuta dabam-dabam, za a koma gida da labari shida, daga nan zargi ke farawa. Wanda aka zaɓa ya riƙe ɗan littafi, ya tambayi lokacin da likitoci ke gama zagaye, ya zo da tambayoyinsa a rubuce: me ya canja daga jiya, me ake jira a gani kafin a rage na'ura, mene ne ya fi damun likitoci a yanzu. Idan an ce "yana nan yadda yake", ma'anarta bai ƙara tsanani ba, ba wai ya fita daga haɗari ba. Jinyar wannan ɗaki gaba take yi ta dawo baya, yau a rage oksijin gobe a ƙara. Idan ya kai mako ɗaya zuwa biyu a kan na'ura, wataƙila a nemi ku sa hannu a yi masa ƙaramar huda a wuya a mayar da robar can. Mutane sukan tsorata, amma ta fi ta baki sauƙi gare shi, tana ba da damar rage maganin barci, kuma ramin yakan rufe da kansa bayan an cire.

Idan Allah Ya sa ya fara farkawa, ki shirya ganin abin da ba ki zata ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a kan na'ura sukan shiga ruɗewa: ba su gane 'ya'yansu ba, suna ganin abin da babu, suna zargin ma'aikata da neman kashe su, dattijo mai kunya ya yi zagi. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma abin da ke zuciyarsa ba ne ya fito. Ciwo ne da magunguna da rashin barci a ɗakin da fitila ba ta mutuwa. A nan ne zamanku ya fi amfani. Ku kawo masa tabaransa idan yana sawa, ku riƙa maimaita masa rana da wuri da lokutan salla, kada ku yi masa gardama a kan abin da yake gani. A ƙasashen arewacin Turai an daɗe da al'adar rubuta wa maras lafiya abin da ya faru kowace rana, don ya karanta bayan ya warke ya cike giɓin kwanakin da suka ɓace masa, kuma littafin nan naku zai iya yin wannan aiki.

Idan kuma al'amari ya juya ta ɗaya ɓangaren, ku faɗa wa ma'aikata tun yanzu cewa kuna so a kira ku ko da wane lokaci ne. Kusan ko'ina akan sassauta dokar shiga a irin wannan hali, don mahaifiyarku da ku da 'yan'uwansa na jini ku shiga bi da bi, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne. Idan har likitoci suka ambaci mutuwar ƙwaƙwalwa, ku sani ba ɗaya take da dogon suma ba, kuma malamai sun yi magana a kanta: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, da ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka a 1987, duka sun halatta cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ko da yake sun saɓa a kan lokacin da hukuncin mutuwa ke farawa. Ku nemi a haɗa likita da malamin da kuka amince da shi a zama ɗaya. Na faɗi wannan ne don ki sani, ba don an kai nan ba.

Ke ma jikinki yana da haƙƙi a kanki. Wannan jinya tana iya ɗaukar makonni, kuma bayan fita daga ɗakin akwai doguwar tafiya ta gashi da koyon zama da tsayuwa, wadda a lokacin 'yan dubiya sun watse, ku za a bari. Ku raba kwana tsakaninku, wanda ba shi ke da aiki ba ya tafi gida ya yi barci a kan gado. Mahaifiyarku, idan tana da hawan jini ko ciwon suga, a tabbata tana shan maganinta tana cin abinci, kuma kada ta shiga ita kaɗai. Ke kuma idan za ki sake shiga, ki gaya wa nas cewa wancan karon kin kasa tsayuwa. Za ta ajiye miki kujera, ta tsaya kusa da ke, ta nuna miki hannun da za ki riƙe.